Daga Kuɗin Fito Zuwa Takardar Banki: Yadda Harajin Amurka Ya Iso Tamale

Wata Litinin bayan azahar ɗan ƙanwata ya same ni a rumfar wani aminina a kasuwar Aboabo, fuska a murtuke, takarda a hannu. Yaron a Bronks ta birnin New York aka haife shi. Yana da shekara uku uwarsa ta kawo shi Zango wajen kakarsa don ya yi allo ya san gida, kuma tun daga ranar bai sake shiga jirgin sama ba. Hausa da Dagbanci duka a bakinsa suke, sana'arsa kayan gyaran babur, wanda a Tamale ba ƙaramar sana'a ba ce. Ya je wani banki buɗe asusun shago, ya rubuta inda aka haife shi, sai ma'aikaciyar ta dube shi ta jawo wata takarda daban, ta ce sai ya kawo lambar harajinsa ta Amurka.

Ya ce, "Kawu, ni da ko hanyar garin ban sani ba, me ya haɗa ni da harajinsu?"

Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, maganar tana da tsawo.

Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja sun san haraji sarai, amma harajin da suka sani yana da mazauni. Ayari zai tashi daga Kano ko Katsina da kanwa da baƙaƙen tufafi da jan fata da busasshiyar albasa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya faɗo Sansanin Mango, ya biyo Yendi har Salaga, inda goron Asante yake jira. Tafiyar watanni ce. Kowane mashigi da mai fito, kowane gari da sarkin da za a kai wa gaisuwa, kuma babban aikin madugu ke nan: ya san inda ake biya da nawa ake biya, ya san sarkin da ake lallaɓawa da turmin zane da wanda sai an ƙirga masa wuri. Idan wata hanya ta yi tsada, jagaba ya canza hanya. Sarkin Nikki ba ya aiko maka da manzo Salaga ya ce ka ci riba, kawo rabona. Ka fita ƙasarsa, ka fita hannunsa. Dagbon ita kanta tana da nata wuyan: tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 take kai wa Kumasi gandu, har da bayi, sai da Turawan Ingila suka ƙona Kumasi a 1874 igiyar ta tsinke. Wannan ma gandu ne tsakanin fada da fada. Ba wanda ya rubuta sunan talaka ɗaya ɗaya.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, malamai da fatake suka bazu Kete Krachi da Yendi da Kintampo da Kumasi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Krachi a 1934. A lokacin Tamale ba ta kai a ambace ta tare da waɗannan garuruwa ba. Abin da ya ɗaga ta rabon Turawa ne. A 1899 Ingila da Jamus suka tsaga Dagbon biyu, Yendi da Ya-Na, sarkin Dagbon, suka faɗa hannun Jamusawa, yammaci ya zauna wa Ingilishi. A 1907 babban kwamishina Watherston ya kwashe hedkwatar Yankin Arewa daga Gambaga ya dawo da ita Tamale. Inda gwamnati ta sauka da soja da leburori, nan mahauci da mai koli da dillalin shanu suke sauka. Haka Zango ya kafu.

Bature na farkon zamani bai ƙirƙiro wani sabon abu ba, rigar mai fito kawai ya ara. Ya kafa tashoshi a kan hanyoyin ayari, ana karɓar kuɗi a kan kowace saniya da tunkiya da jaki da kayan goro, kuma wannan kuɗi shi ne ƙashin bayan abin da yankin yake tarawa. Fatake suka yi abin da suka gada: tafiyar dare, ratsen daji, raba garke biyu. Faransawa a arewa da Jamusawa a gabas su ma kowa da shingensa, ciniki ya fara gudun hanyar da ta fi tsada. A 1908 aka soke kuɗin ayarin. Kada mai karatu ya ɗauka sauƙi ne ya zo. Abin da ba a karɓa da kuɗi ba an karɓe shi da jiki: aikin hanya, dakon kayan Bature, da samarin da sarakuna suke tarawa a tura ramukan zinariya na Tarkwa. Arewa ta biya haraji mai nauyi a waɗannan shekaru, rasit ne kawai ba a ba ta ba.

Rasit ya zo a 1936. Turawa sun daɗe suna jin tsoron harajin kai a Gwalkwas, wato Gana ta yau, don sun gwada a kudu a 1852, sule guda a kan kowane rai, abin ya ƙare da bore da harba igwa a kan Osu a 1854. Amma a arewa, bayan taron da sarakunan Dagbon suka yi a Yendi a 1930 da dokokin mulkin gargajiya na 1932, aka buɗe baitulmalin En'e, aka ɗora wa kowane baligi namiji abin da har yau tsofaffi suke kira lampo. Bahaushen da ya baro haraji da jangali a Kano sai ya tarar da ƙanensu a Tamale. Abin lura shi ne talakan arewa, wanda ya fi kowa rashi, ya riga attajirin koko biyan haraji kai tsaye, domin dokar harajin kuɗin shiga ta ƙasar ba ta zo ba sai 1943. Kuma rasit ɗin lampo shi ne takardar shaida ta farko da yawancin mutanenmu suka taɓa riƙewa. Ana naɗe shi a saka a laya ko a cikin hula, a nuna wa ɗan doka a bakin kasuwa ko a mashigin Yeji. Duk da haka lampo ma na mazauni ne. Wanda ya koma Kumasi ya zauna, wata hukuma ce za ta neme shi, Tamale ta haƙura da shi.

Banki kuwa ya daɗe bai shiga zuciyar Zango ba. Bankin bafatake shi ne maigidansa: shi ke saukar da shi, ya sayar masa da shanu bashi, ya tsaya masa lamuni, ya ajiye masa kuɗi har ya dawo baɗi. Sulallan Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, suka kori wuri, ko da yake sunan wuri ya dawo ta bayan gida a 1965 da Nkrumah ya fito da sidi, wanda a bakin Akan ma'anarsa ke nan. Da 'yan kasuwa suka fara sakin jiki da banki, sai gwamnatoci suka yi ta koya musu darasi. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Zango, waɗanda ba su san kowa a Sakkwato ba, suka karyar da gidaje da shaguna suka hau manyan motoci. A nan ne mutanenmu suka fara gane cewa tambayar "ina aka haife ka, ina aka haifi ubanka" tana iya cinye dukiyar shekara arba'in. A Maris 1979 gwamnatin Akuffo ta canza kuɗi, wanda ya kawo tsofaffin takardun sidi goma aka ba shi bakwai, mai kuɗi da yawa ma biyar. A 1982 gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, ta rufe asusun da ya haura sidi 50,000 har sai mai shi ya bayyana gaban kwamiti ya faɗi inda ya samo da harajin da ya biya. Wanda ya ga wannan da idonsa, ka ce masa ya kai kuɗi banki? Sai shanu, sai fili, sai adashi, sai ƙarƙashin katifa.

To, a can ƙetaren teku wani irin haraji daban yake girma, wanda ba ruwansa da mashigi ko mazauni. Asalinsa yaƙi ne. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, majalisarsu ta ƙaƙaba harajin kuɗin shiga na farko, kuma ta ji haushin masu kuɗin da suke shan iska a Turai ana mutuwa a gida. Sai ta sa wa mazauna gida kashi 3 cikin ɗari, 'yan ƙasa mazauna waje kashi 5 a kan abin da dukiyarsu ta Amurka take kawowa. A 1864 aka faɗaɗa abin ya hau kan duk abin da ɗan ƙasa ya samu, ko a ina. Yaƙi ya ƙare, harajin ya kwanta, amma da ya dawo dindindin a 1913 ya dawo da wannan ɗabi'a. A 1924 wani Ba'amurke mai suna Cook, mazaunin Meziko, wanda dukiyarsa duka a Meziko take, ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Kotu ta ce gwamnati tana amfanar ɗan ƙasarta duk inda yake, don haka tana da ikon karɓa daga gare shi duk inda yake. A kan wannan hukunci ake har gobe. A duniya, ban da Amurka, Eritiriya ce aka fi sani da bin 'ya'yanta waje da haraji, kashi 2 cikin ɗari, kuma ita an sha yi mata tofin Allah tsine a kai. Haɗa wannan da gyaran tsarin mulki na 14, na 1868, wanda ya mai da wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, sai ka ga yadda jaririn asibitin Bronks ya fito duniya da mai karɓar haraji a bayansa.

Amurkawa sun daɗe da sanin Gana. Nan ce ƙasar farko da matasan Peace Corps suka sauka, a ƙarshen Agusta 1961. Marubucin nan baƙar fata na Amurka, W.E.B. Du Bois, ya zo a wannan shekara, ya karɓi zama ɗan ƙasa, ya rasu a Akara a 1963. Tamale ta cika da ma'aikatan agaji da 'yan mishan da masu bincike, har ana yi mata kirari da hedkwatar ƙungiyoyin agaji. Amma waɗannan sun san kansu, da yawansu ofis ne yake cike musu takardu. Waɗanda abin ya fi shafa namu ne. Daga wahalar shekarun 1980, sannan cacar biza da ta fara a tsakiyar shekarun 1990, samarin Zango suka cika Bronks da Wusta da Kolumbus, suna tuƙin tasi da aikin jinya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Gana ta 2000 ta halatta riƙe fasfo biyu. Aka haifi yara can, aka turo su gida tarbiyya. Dattawa suka yi ritaya suka dawo suka gina gidajen haya a Lamashegu da Kalpohin. Sannan Shekarar Komowa ta 2019 ta kawo jikokin bayi, waɗanda ake kai su su ga rijiyoyin Salaga, mutum 126 suka karɓi takardar zama 'yan Gana a Nuwamban shekarar, wasu 524 a Nuwamba 2024. Abin da ban tausayi da ban mamaki: an fitar da kakan mutum ta Salaga a matsayin gandu, jikan ya dawo bayan ƙarni biyu, ƙasar da ta saye shi tana biye da shi tana neman lissafi.

Shekaru da yawa dokar tana nan kamar macijin da ya yi sanyi. Tun 1970 dokar sirrin banki ta wajabta wa Ba'amurke ya bayyana asusunsa na waje, takardar da ake kira FBAR, amma wa zai zo Tamale ya duba? Abin da ya tashe ta attajirai ne. Wani ma'aikacin bankin UBS na Suwizalan, Bradley Birkenfeld, ya tona yadda ake ɓoye wa masu kuɗin Amurka dukiya. A 2009 bankin ya biya tarar dala miliyan 780. Shi mai tonon ya yi zaman kurkuku, ya fito aka ba shi ladar dala miliyan 104. A 18 ga Maris 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta ƙunshi FATCA, ta fara aiki a Yuli 2014. Dabararta ita ce ta madugu da mai fito, an juya ta. Amurka ba ta da ɗan doka a Aboabo, amma kowane banki a duniya yana buƙatar dala, dala kuma ta New York take ratsawa. Sai aka ce wa bankuna: ko ku tantance Amurkawan da ke cikin masu ajiyarku ku kawo sunayensu ga hukumar harajin Amurka, IRS, ko a yanke kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da suke fito muku daga Amurka. Ba bankin da zai yi jayayya da mai mashigi. Tarkon da aka ɗana wa kura a Zurik, ga shi ya kama ɗan akuya a Tamale.

Me ake nema a wurin yaron nan takamaimai? Na farko, takardar haraji kowace shekara idan abin da ya samu ya kai mizani. Wa'adinta 15 ga Afrilu, mazaunin waje ana ɗaga masa zuwa 15 ga Yuni. Yawanci mai albashi ba ya biyan ko sisi, domin tun 1926 ake yafe wani kaso na abin da aka samu da gumi a waje, wanda a 2024 ya kai dala 126,500, kuma harajin da ka biya Gana ana cire maka shi. Sai dai yafiyar ba ta zuwa da kanta, sai ka cike takarda ka nema, kuma ba ta shafi kuɗin haya ko ribar takardun bashin gwamnati ba. Ga kuma inda gizo yake saƙa: mai sana'ar kansa, da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, akwai kashi 15.3 cikin ɗari na asusun fanshon Amurka a kansa, kuma yafiyar ba ta taɓa wannan. Ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar fansho da Amurka sun tsira daga biya biyu. Gana ba ta cikinsu, kuma ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, irin wadda Masar da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu suke da ita. Wato mai sayar da tayar babur a Tamale, a bisa doka, ya fi babban ma'aikacin ƙungiyar agaji shiga uku.

Na biyu, FBAR. Idan aka tara duk asusunka na wajen Amurka suka haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ka bayyana su duka ta intanet. Ba haraji ba ne, sanarwa ce. Adadin ya yi shekaru masu yawa ba a taɓa shi ba. A da kuɗin sayen gida ne, yau kuɗin kwantenar kaya bai kai ba. Kuma ba sai kuɗinka ba: idan kai ne ma'ajin masallaci ko na ƙungiyar 'yan unguwa, hannunka yana fitar da kuɗi, asusun ya shiga lissafi. Dattijon da ya dawo daga Amurka, jama'a suka ga mai amana ne suka damƙa masa kuɗin ginin makaranta, bai san ya jawo wa kansa takarda ba. Tarar rashin sani tana iya haura dala 10,000, ta ganganci kuwa rabin abin da ke asusun ko fiye. Wani ɗan kasuwa, Alexandru Bittner, wanda ya koma ƙasarsu Romaniya ya yi arziki, an ci shi tarar dala miliyan 2.72 saboda an ƙirga masa asusu ɗaya ɗaya. A Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce a kan takardar shekara ake tara, sai kuɗin ya sauko dala 50,000. Akwai kuma takarda ta uku mai lamba 8938, amma ita sai dukiyar gwauro mazaunin waje ta haura dala 200,000 a ƙarshen shekara, don haka na ce wa yaron ya bar wannan sai Allah ya buɗa.

Ƙofar tuba tana nan. Tun 2014 wanda yake zaune a waje, kuma rashin sani ne ya hana shi, yana iya kawo takardun haraji na shekara uku da FBAR na shekara shida, ya biya abin da ya hau kansa, ba tara. Ƙofar fita ma tana nan, amma da kuɗin fito: ajiye zama ɗan ƙasa kyauta ne kafin 2010, aka sa masa dala 450, a 2014 aka ɗaga zuwa 2,350, kuma ana so ka nuna ka wanke shekara biyar na baya. Boris Johnson, ɗan siyasar Ingila wanda aka haifa a New York, sai da ya biya Amurka haraji a kan gidan da ya sayar a Landan, sannan ya ajiye fasfon a 2016. Shi yana da wata ƙasar da fasfonta yake buɗe ƙofofi. A Zango kuwa, inda mutane suke sayar da fili don neman biza a hana su, wanda ya ce zai mayar da shuɗin fasfo sai a kai shi wajen malam a yi masa rubutu.

Ni dai a ganina dokar ba ta da adalci ga irin wannan yaro, kuma hujjar 1924 ba ta tsaya a Aboabo ba, inda ko ofishin jakadanci sai an yi tafiyar yini zuwa Akara. Wani abin haushin, ƙasashen duniya sun kwaikwayi FATCA sun kafa tsarin musayar bayanan asusu a tsakaninsu, Gana ta yi dokarsa a 2018, amma ita Amurka ta ƙi shiga. Tana karɓa da buhu, tana bayarwa da cokali. Gana ma ta koyi karatun: Hukumar haraji ta GRA ta 2009, dokar 2015 da ta ce mazaunin ƙasa zai biya a kan abin da ya samu ko a ina, lambar Katin Gana da ta zama lambar haraji a Afrilu 2021, sannan daga Yuli 2022 ba ka taɓa asusunka sai da katin. Har kuɗin waya aka sa wa shinge a Mayu 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, mutane suka yi ratsen daji irin na kakanninsu suka koma tsabar kuɗi, aka rage shi, aka soke shi a 2025, kamar dai kuɗin ayari a 1908.

Da na kai nan la'asar ta yi, yaron ya ce, "To Kawu, yanzu lambar nan ina zan same ta?"

Bayan sallah muka kira uwarsa. Tana bakin aiki, ta amsa da raɗa. Ta ce tun yana jariri aka yi masa lambar a asibiti, kuma ta haɗa katin da takardar haihuwa ta ba Hajiya ranar da ta kawo shi. Da dare muka je gidan. Hajiya ta sa aka sauko da kwallayen da ke jere a kan kabad, aka buɗe akwatin ƙarfe, aka zazzage zannuwa, babu. Can ta tuna, ta ce a miƙo mata gafakar marigayi Malam da ke rataye bayan ƙofa. A aljihun ciki, cikin wata leda da aka ɗaure da zare, ga ɗan katin mai ruwan bula da sunan yaron da lambobi tara. A bayansa akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta kusa rabewa a kan lanƙwasa. Yaron ya haska ta da wayarsa, ya kasa karanta hatimin, ya miƙo mini. Rasit ɗin lampon kakansa ne.